Sallama Uku

Baffa Sale ba ya kiran mutum a waya fiye da sau uku. Duk wanda ya san shi ya san wannan. A wurinsa kira sallama ce, sallama kuma a ƙofar gidan mutane sau uku ce. In ba a amsa maka ba, sai ka juya da mutuncinka. A kan wannan tarbiyya ya raini Manniru, ɗan wansa marigayi, tun yana shekara huɗu har ya zama mutum, ya bar gonar Yangoji ya shigo Apo yana gyaran wutar mota.

Wata goma sha huɗu ke nan Baffa bai yi wa Manniru magana ba, kuma laifin na Manniru ne, babu wani kwana-kwana. Ranar sunan ɗansa na fari, Baffa ya taso tun daga Yangoji da rago, yana sa ran za a mayar da sunan marigayi wansa. Ya tarar an riga an raɗa wa yaro sunan surukin Manniru. Tsohon ya tambaya a hankali, me ya hana a shawarce shi? Manniru, da ɗagawar wanda aka fara ce wa oga a gareji, ya ce a gaban jama'a, "Baffa, ɗana ne fa."

Kai, wannan magana! Ga mutumin da bai taɓa buɗe baki ya ce da Manniru "ɗan wana" ba, ko da wasa. Baffa ya ɗaure ragon a gindin mangwaro, ya sa takalmansa ya tafi. Tun daga ranar Manniru ya kira har ya gaji, ya je Yangoji sau biyu ana ce masa Baffa yana gona.

Ranar wata Laraba sai ga kiran Muhibba, 'yar Baffa ta ƙarshe, wadda ke jinyarsa.

"Yaya, jikin Baffa ya yi tsanani. Ranar Asabar da safe za a yi masa aiki a Gwagwalada, kuma likita bai ɓoye mana ba, aikin babba ne. Ya ce zai kira ka Juma'a in an sauko. Don Allah ka riƙe wayarka a hannu. Ka san halinsa."

Ya san halinsa kuwa. Shi ya sa ranar Alhamis ya zauna a kan benci ya goge wayar tsaf, ya cika ta da caji, ya ƙara ƙarfin ƙararrawarta. Akwai wani saƙo da ya yi makonni yana leƙowa a fuskarta, wai a sabunta tsarin wayar. Kullum share shi yake yi. Ran nan sai ya ga ai in babban baƙo zai zo, shara ake yi. Ya danna amincewa. Wayar ta mutu, ta ɗauki kusan awa guda, ta farfaɗo da sabbin launuka masu kyau.

Kyan ke nan kawai. In ya taɓa abu, sai ta yi jim kamar tana shawara da wani. Ya danna suna, ya je ya ɗaure wayar wuta biyu a jikin batirin mota, ya dawo bai buɗe ba. Bayanta ya riƙa zafi, cajin da ke kwana biyu ya koma rabin yini.

Da safiyar Juma'a ya kai wa Silas, mai gyaran waya a ƙarƙashin lema a bakin garejin. Silas ya juya ta, ya yi tsaki.

"Oga Manniru, wa ya ce ka yi afdet? Wayarka ya tsufa, sabon abin ya fi ƙarfinsa. Ka bar min shi zuwa gobe, in wanke shi gaba ɗaya."

"Gobe? Yau nake jiran kira."

Silas ya goge wasu hotuna, ya kashe ya kunna, ya kira shi don gwaji. Da aka ja alamar amsa kira, a ja na biyu ta amsa. Da Manniru ya yi tunani, da ya zare layin ya sa a 'yar ƙaramar waya mai tocila da ke kan teburin Silas, shi ke nan. Amma ya ga ta amsa, ya ce alhamdu lillahi, ya zura ta a aljihu ya tafi masallaci.

Ƙarfe biyu da kwata, yana dawowa, ta ɗauki ƙara. Ya ciro ta, ga suna nan ɓaro-ɓaro: Baffa. Ya ɗora yatsa a kan koriyar alamar ya ja. Ba ta motsa ba. Ya sake ja. Ya goge yatsan a rigarsa ya ja da ƙarfi, har gilashin ya yi ƙara. Wayar ta yi ta kuka a tafin hannunsa har ta yi shiru.

Ta sake ɗauka. Wannan karon da gudu ya nufi lemar Silas, su biyu suka duƙufa a kanta, wannan ya ja, wannan ya danna. A banza. A kira na uku Manniru ya daina ja ma, ya kara ta a kunne tana ringi, yana cewa, "Na'am Baffa, na'am," kamar wanda ya zautu. Da ta yi shiru, sai koriyar alamar ta zame a hankali, ita kaɗai, zuwa inda ya yi ta janta.

Ya karɓi wayar Silas ya kira. Ta Baffa a kashe. Ya kira Muhibba.

"Yaya, me ka yi haka?" Kuka take yi. "Ni na danna masa lambar, sau uku. Ya ce in kashe, ya juya fuskarsa bango."

"Wallahi wayar ce ta ƙi amsawa. Gaya masa sabunta ta na yi, ta lalace."

Ya ji tafiyarta, ya ji tana magana ƙasa-ƙasa, sannan ta dawo.

"Ya ce tasa mai maɓalli shekararta tara ba ta taɓa ƙin amsa kira ba. Ya ce bai san gyara yana lalata abu ba."

Manniru bai ko rufe akwatin kayan aikinsa ba. Ya shiga motar Gwagwalada da kayan masallacinsa, ta bi ta Lugbe da Giri, daga can ya canja ta Kwali. Duk hanya tsoro ne ya cika shi, tsoro tsantsa: kada a shiga da tsohon nan ɗakin aiki gobe yana ɗauke da cewa ya yi sallama uku a ƙofar yaron da ya raina, yaron yana ciki ya yi shiru. Ya yi ta ƙoƙarin rubuta wa Muhibba saƙo, haruffan suna fitowa ɗaya-ɗaya bayan ya gama dannawa, har ya haƙura.

Bayan la'asar ya isa Yangoji. Gidan yana nan yadda ya san shi, doya a jibge a ƙarƙashin rumfa, buta a bakin ɗakin Baffa, takalmansa a jere. Muhibba ta tare shi a tsakar gida da idanu jajaye, ta nuna masa labulen da haɓa. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Assalamu alaikum."

Shiru. Yana jin numfashin tsohon, mai nauyi, da ƙarar gado in ya motsa. Idonsa biyu.

"Assalamu alaikum, Baffa."

Wata kaza ta ratsa ta gabansa ta wuce. Manniru ya daɗe kafin ya yi ta uku, don ya san daga ita babu wata. Ya yi ta. Ba a amsa ba.

Labule ne kawai, da hannu ɗaya zai ɗaga shi. Amma wanda ke bayan labulen shi ya koya masa abin da ake yi bayan ta uku, kuma ya taɓa take maganarsa sau ɗaya ya ga abin da ta jawo. Ya miƙe, ya sa takalmansa, ya nufi zaure. Muhibba ta toshe bakinta da mayafi ta shige ɗakin.

Ya kai bakin zaure ke nan wayar ta ɗauki ƙara a aljihunsa, da ƙarfin nan da ya ƙara mata jiya. Ya ciro ta. Baffa. Kira na huɗu, abin da Manniru bai taɓa gani ba tun da ya yi wayo.

Ya ja koriyar alamar. Ta ƙi. Ya ja, ya sake ja, ya durƙusa a ƙasa ya ɗora ta a gwiwa yana ja da yatsu biyu, hawaye na ɗiga a kan gilashin yana gogewa da hannun riga. Bai san Muhibba ta ɗan janye gefen labulen ba, bai san daga kan gado ana kallonsa ba. Da ya ji ƙarar ta kusa yankewa, sai ya saki wayar a ƙasa ya juya wajen ɗakin, ya ɗaga murya yadda yake yi yana yaro in an kira shi daga gona.

"Na'am, Baffa! Na amsa! Wallahi tun ɗazu nake amsawa!"

Wayar ta yi shiru a cikin ƙura. Daga ɗakin aka yi tari mai tsawo, sannan muryar tsohon ta fito, siririya, ba irin wadda Manniru ya sani ba.

"Wa alaikumus salam." Ya numfasa. "Muhibba, ɗaga masa labulen. Ɗana ne."