Bakin Mode

Ranar da Di'o, Baturen mulki, ya sauka barikin Wurno, aka share fili, aka ja layi da toka, aka ɗaura raga a tsakiya, wai zai buga tanis da likitan da ya rako shi. Mode, masinjan hakimi, aka ɗora bisa turmi ya yi alƙalanci, don shi kaɗai ya taɓa ganin wasan a Sakkwato.

Mutanen gari suka kewaye wurin har da makaɗa, kamar filin kokawa, duk suna bayan Di'o. A wurinsu, ba a kayar da baƙon hakimi gaban jama'a.

A bugun ƙarshe ƙwallon Di'o ta dira bayan toka. Mode ya gani ƙuru-ƙuru.

"Waje!" in ji shi.

Kiɗa ya tsaya cak. Kawunsa Sale ya daka masa tsawa: "Kai ɗan nan, mi kaj jawo muna?"

Di'o kuwa dariya ya yi, ya ba likita hannu, ya dafa kafaɗar Mode.

Da rani aka zo ɗibar maza aikin tilas a hanyar Goronyo, kamar kowace shekara. Amma bana an sami mai laifi: Mode, wai bakinsa ne ya jawo. Har uwar da ta haife shi ta daina amsa gaisuwarsa.