Ranar da Lasifikar Asibiti Ta Yi Shiru

Injiniya, kamar yadda ya tilasta wa kowa a asibitin ido ya riƙa kiransa, mutum ne da ba ya iya ganin maɓallin sabunta manhaja ya kau da kai. Hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Har ranar da ya kawo surukinsa wajen babban likita bai haƙura ba. Likitan nan kuwa sai a yi watanni bai leƙo ba, ga idon tsohon ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan ma yana bin sahu.

Ya zaunar da shi a benci, ya damƙa masa lambar layi. "Baba, da kun ji lasifika ta ce arba'in da bakwai, ku miƙe. Ni ke riƙe da na'urar nan gaba ɗaya." Ya shige ofis ya danna abinsa.

Manhajar da ke kiran layi tsohuwa ce tukuf, ba ta jituwa da sabuwar kwamfuta. Shi ya sa aka gina mata wata kwamfutar ta jabu a cikin ta gaske, take zaman haya a can. Sabuntawa ta ƙare lami lafiya, allo ya kawo, lambobi suka jeru. Murya ce dai babu, ko tari.

Nas ta leƙo. "Injiniya, ko in riƙa kiransu da baki?"

"Da baki? Haba Sista, ai mun wuce wannan zamanin. Yanzun nan za ki ji ta."

Gogan naka ya tuɓe kwat. Ya zargi waya, ya canza ta. Ya zargi lasifika, ya ba ta mari. Ya zargi mai shara da ba ta ma zo aiki ba. Ya kashe ya kunna, ya cire direban sauti, manhajar da ke tuƙa lasifika, ya mayar, gumi na bin ƙeyarsa. Kuma duk gyaran da ya yi, sai ya gwada shi yadda ya saba: ya danna "mai bi", maɓallin kiran lamba ta gaba, ya kasa kunne. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. Dan-dan-dan, kamar mai kashe kiyashi.

Abin da girman kai ya mantar da shi, manhajar ba ta san gwaji ba. Duk lambar da ta kira ba a amsa ba, sai ta rubuta "bai zo ba", ta wuce. A ɗakinsa likita yana kallon allo, yana ganin mutane na ta ƙin zuwa. Da layi ya ƙare ƙarƙaf, ya yi tsaki, ya ɗauki jakarsa ya fice ta ƙofar baya.

Can Injiniya ya gano matsalar. Wani ɗan akwati ne a saitin kwamfutar jabun, wanda ke ba ta izinin aron lasifikar ta gaske, sabuntawa ta goge masa alama. Ya mayar, ya daki tebur. "Wa ya ce ba ni ba!"

Lasifika ta yi gyaran murya, ta ce wa ɗaki cike da masu jira tun safe, cikin ladabi: "An rufe layi na yau. Mun gode."

Wuri ya kaure da salati da zagi. Sista ta duba allo, ta dube shi. Ya fito, ya tarar da tsohon yana nan inda ya bar shi, takardar ta jiƙe da gumi a hannunsa, ko banɗaki bai yarda ya je ba don kar a kira shi ba ya nan.

Tsohon ya lalubo hannun rigarsa ya riƙe. "Kai ne, ɗana? Ka yafe mini. Kunnen ma ya fara tafiya ke nan. Wallahi na saurara, ban ji an kira ni ba."