Kwalba ta Uku Daga Hagu

Mu biyu ne kawai a makarantar muka san cewa idon Malamin Kimiyya ya tafi: shi da ni. Yara suna kiransa Baba Kwalba, ni kuma Malam Soshal, don ilimin zamantakewa nake koyarwa. Shekara goma sha ɗaya teburinmu na manne da juna a ofishin malamai, muna tsokanar juna. Yakan ce darasina hira ce da ake biyan albashi a kanta, ni kuma in ce masa mai dafa ruwa kala-kala.

Da idon ya soma yin hazo, ni nake karanta masa takardun jarrabawar yara a lokacin hutun tara, yana faɗin maki ina rubutawa. Allo bai dame shi ba, hannunsa ya san hanya. Saura wata bakwai ya yi ritaya, kuma abin da yake roƙo ke nan, ya fita da ƙafarsa, kada a sallame shi da takardar likita kamar tsohon benci.

"Ka rufa min asiri, ƙanena," ya ce min. "Wata bakwai kamar gobe ne."

Sai ga sanarwa cewa masu duba makarantu za su zo ranar Laraba. Shugabar makaranta, wadda ba ta taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwaje ba sai in za a yi baƙi, ta rikice. Aka shafa wa duwatsun bakin hanya farin fenti, aka aro tukwanen furanni. Ranar Talata Baba ya tafi asibiti a ɓoye, sai Shugaba ta ba ni makullin ɗakin gwaje-gwajen ta ce in sa a gyara.

Ɗakin abin tausayi ne. Famfo huɗu, ɗaya ke kawo ruwa. A kan kantar bango akwai kwalabe kusan talatin, duk masu launin ruwan ƙasa, takardun jikinsu sun koɗe, wasu gara ta cinye. Suna tsaye barkatai, doguwa kusa da gajera. Ni kuwa mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace. Na sauke su duka, na goge ƙura, na jera su daga ƙarama zuwa babba. Har na ja baya ina yaba wa kaina. Karambani ne tsantsa, ban san komai a kan abin da ke cikinsu ba, kuma ban tambayi kaina yadda mutumin da ba ya gani yake gane su ba.

Ranar Laraba baƙin suka ce darasin kimiyya za su kalla. Su uku suka zauna a baya da littattafansu, Shugaba na gefe tana murmushin dole. Ni ina bakin ƙofa. Baba ya shigo da farar rigarsa, muryarsa garau. Ya kira monitar aji, yarinya mai natsuwa wadda kullum ke zama a gaba, ya ba ta siririn gilashin gwaji da ruwa da ɗan guntun ƙarfe a ciki.

"Riƙe nan, 'yata. Za mu zuba asid mai rauni, wanda aka tsarma da ruwa. Ku kalli ƙananan kumfa."

Ya juya ga kanta. Na ga yatsunsa suna tafiya a kan murafen, ɗaya, biyu, uku daga hagu. Ashe ba karanta su yake yi ba, ƙirga su yake yi. Na buɗe baki, sai na tuna baƙin da ke zaune, na tuna alkawarin da na yi masa. Daƙiƙa biyu na yi ina auna wanne zan tsare, kuma a cikinsu ya riga ya karkata kwalbar.

Asid ne mai ƙarfi, wanda ba a tsarma ba. Gilashin ya yi zafi nan take, ya tofo. Yarinyar ta ƙwalla ƙara ta sake shi, ruwan ya bi bayan hannunta har wuyan hannu. Aji ya watse. Baba ya yi ihu, "Ruwa! Ku kai ta famfo!" Ya miƙa hannu zai kamo ta, ya kamo iska. Ya sake laluba, ya ture kujera, yarinyar kuwa tana gabansa taku ɗaya. Kowa ya gani. Ni na ja ta zuwa famfon da ke aiki, na riƙe hannun a ƙarƙashin ruwa ina kallon fatar tana sauya launi.

Da aka tafi da ita asibiti, aka kira mu ofishin Shugaba. Babban cikin baƙin ya ɗaga yatsu a gaban Baba.

"Malam, nawa ne nan?"

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba sai an wahalar da kai ba. Shekara biyu ke nan ba na gani sosai. Laifina ne ni kaɗai."

Shugaba ta dube ni, don ta san wa ta ba makulli. Na dube ta. Daga ni har ita ba wanda ya faɗi wa ya jera kwalaben, kuma na tsani kaina a wannan tsayuwar fiye da yadda na taɓa tsanar wani. Aka ce ya miƙa makullai a ranar.

Na raka shi bakin titi da kwalin littattafansa. Motoci na wucewa, ya tsaya ya kama gwiwar hannuna a gaban yara, abin da bai taɓa yarda ya yi ba.

"Baba," na ce, "kwalaben nan..."

"Na sani. Da na taɓa na ji ba ƙura, ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba, don ana kallona." Ya numfasa. "Likita ya ce me game da hannun?"

"An bugo waya daga asibiti. Yatsu biyu ba za su riƙa lanƙwasuwa ba."

"Na dama?"

"Na dama."

Muka tsallaka. Na tare masa mota, ya laluba ƙofa ya shiga, bai yi min sallama ba.

Ranar Litinin na tarar da sabon jadawali a kan teburina. Ba a turo wani malamin ba, kuma Shugaba ta ce malami ai malami ne. An ba ni kimiyya, aji uku, har da ajin yarinyar. Ta dawo bayan mako biyu da bandeji, ta zauna a gaba, ta ɗauki biro da hannun hagu tana jiran in fara.