Bel Ɗaya a Motar Baffa Ghali

"Ja a hankali mana, Malam," in ji Sabo mai walda. "Ba akuya kake ja ba."

Na ja a hankali. Bel ɗin kujerar motar ya fito kamar tsawon taƙi ɗaya, sai ya ƙame. Na saki, na sake ja, ya sake ƙamewa. Muna tsugune ne a ƙofar gidan Baffa Ghali, maƙwabcina a nan Kiru, mun buɗe ƙofar gaba ta tsohuwar Fijonsa 404, wadda ta girme ni da shekara biyu cur. Tun safe muke abu ɗaya, ga la'asar ta kawo jiki.

Sabo ya share gumi da bayan hannu, ya rage murya. "Ni fa tun da na ga tabon nan jikina ya yi sanyi. Motar da aka ciro bel ɗin nan daga jikinta a Kwanar Ɗangora, wallahi ba ka gane gabanta da bayanta. Ina jin mai shi ne bai sake shi ba."

Na dubi tabon. Wani baƙi-baƙi ne a daidai inda bel yake bi ta ƙirjin mutum. Mun wanke da omo har sau biyu, bai fita ba. Ni malamin firamare ne, ina koya wa yara cewa komai yana da dalili, amma sai da na saki bel ɗin nan na goge tafina a wando. Gara in faɗa tun yanzu, ni matsoraci ne. Ko kaza aka ce in yanka sai na nemi uzuri.

Baffa Ghali yana zaune a kan kujerar roba a bakin zaure, an tokare shi da matashi biyu don kada ya zame. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jigilar fasinja daga Kano zuwa Jos, wanda in ya yi dariya ana ji har bakin kasuwa, yanzu ƙafafunsa sun kumbura, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Kwana shida ke nan da aka sallamo shi daga asibiti. Likita bai ɓoye ba, ya ce a koma gida a yi ta addu'a.

Abu ɗaya ya roƙa tun da ya dawo: a kai shi Doguwa wurin yayarsa Turai ya nemi gafararta. Duk unguwa an san dalili. Shekara ashirin da uku da suka wuce, ya ɗauko ɗanta ɗaya tilo, Mujitaba, wanda ya gama kwalejin horon malamai a satin, zai kai shi gida. A dajin Falgore taya ta fashe. Baffa ya rungume sitiyari, ya fita da karayar haƙarƙari. Mujitaba, da ke zaune a gefensa, ya fita ta gilashin gaba. Ranar sadakar uku Turai ta fito ta leƙa cikin motar, ta ce, "Ashe ko igiyar da za ta riƙe mutum babu a ciki." Daga wannan ba ta ƙara yi masa magana ba. Saƙo ya kai, dattawa sun je, ta ce ita ba ta da ƙani.

Na ce masa in ɗauko shatar mota mai lafiya, kafin azahar muna Doguwa. Ya ƙi. Ya ce a motar nan zai je, a kujerar nan zai zauna, kuma ba zai tsaya a ƙofar Yaya Turai da ita ba sai an sa mata bel. Wannan taurin kan ya ci mana kwana biyu: ɗaya wajen neman bel, ɗaya wajen huda ƙarfen da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, da liƙa masa faranti daga ciki don noti ya sami abin kamawa. Kwana biyu ga mutumin da numfashinsa ake ƙirgawa.

Inna Asabe, matarsa, ta leƙo daga zaure ta dubi mijinta. "Malam, don girman Allah ka bar zancen igiyar nan. Ka ga yadda ka kwana jiya."

Baffa ya kau da kai. Ya ɗaga yatsa ya yafito Sabo. "Ina ka ɗaura gwangwanin?"

Yana nufin ƙullin ƙarfen da bel ɗin yake naɗewa a ciki. Sabo ya nuna masa. Ashe da Sabo ya ga wurin ya matse, sai ya kwantar da shi a ƙasa gefen kujera, ya ɗaure tamau, har yana yabon kansa.

Baffa ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Ka kwantar da shi... shi kuwa ya ɗauka motar ce ta kife. Shi ya sa ya riƙe. Tsayar da shi, sakarai."

Sabo ya kwance, ya yanko wani guntun ƙarfe, ya tsayar da gwangwanin a gindin ƙarfen ƙofa. Na ja. Bel ɗin ya biyo hannuna sumul har ƙarshe. Na fizga da ƙarfi, ya cije. Sabo ya ce dama shi ma abin da ya yi tunani ke nan. Ni kuwa ban daina kallon tabon ba.

Washegari da hantsi muka ciccibo Baffa ni da Sabo muka zaunar da shi. Bai fi nauyin buhun dusa ba. Ya sa an yi masa wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Na zagayo da bel ɗin ta kafaɗarsa, na soka shi ya yi ƙas. Sai ga Baffa zaune ɗoɗar, babu matashi, babu mai riƙe shi. Ya shafa bel ɗin da tafin hannu tun daga kafaɗa har ƙugu. Inna Asabe ta shiga baya da ƙullin kayanta da butar ruwa.

Ni ne direba, don babu wani. Shi ya koya mini tuƙi a filin makaranta, amma ban taɓa wuce Tudun Wada da mota ba. Giyar a jikin sitiyari take, birkin kuwa sai ka taka sau biyu kafin ya tuna aikinsa. An kwana ana ruwa, titi yana sheƙi, masara ta yi tsayi dama da hagu. Kowace tirela ta tunkaro sai in raɓe gefen titi. Ina kallon titi da ido ɗaya, ɗayan yana kan ƙirjin Baffa, ina duba ko bel ɗin yana ɗagawa yana sauka.

Mun wuce Tudun Wada kaɗan ya kira sunana.

"Surajo."

"Na'am, Baffa."

"In ban kai ba, ka ce mata..."

"Za ka kai, Baffa! In sha Allahu za ka kai. Don Allah ka daina irin wannan magana."

Da ƙarfi na faɗa, kamar ina tsawata wa ɗan aji uku. Ba don shi na faɗa ba, don kaina ne, ba na son jin kalmar. Ya juyo ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya rufe bakinsa ya mai da ido kan titi.

Da muka shiga dajin Falgore sai gidaje suka ƙare. Itatuwa suka rufo titi, ga kwana bayan kwana, babu mai tafiya a ƙasa ko ɗaya. Ban san daidai inda abin ya faru shekarun baya ba, kuma ban tambaya ba, amma na ji numfashin Baffa ya canja.

A wata kwana mai gangara sai ga shanu sun cika titi. Na taka birki, babu komai. Na sake takawa da dukkan ƙarfina. Motar ta yi ƙara, ta ja gefe, butar Inna Asabe ta kife, ni kuwa ƙirjina ya daki sitiyari. Muka tsaya, hancin motar bai fi kamu ɗaya da cikin wata farar saniya ba. Makiyayin ya ɗaga sanda yana ba da haƙuri.

Na juya a firgice. Baffa yana nan inda yake. Bel ɗin ya cije a kafaɗarsa, goshinsa bai ko kusanci gilashi ba. Idonsa a buɗe, yana kallon gilashin nan, hawaye yana bin kuncinsa.

"Ya riƙe," in ji shi.

"Sannu, Baffa. Ka ji ciwo? In tsaya ka huta?"

Ya girgiza kai, ya nuna gaba da haɓa. Na tayar da motar da ƙyar. Na ga leɓɓansa suna motsi, na ji kamar kalmar shahada yake maimaitawa. Inna Asabe ta miƙo hannu ta bayan kujera ta dafa kafaɗarsa, tana tayawa ƙasa-ƙasa.

Ban san lokacin da leɓɓan suka daina motsi ba. Na dai duba bel ɗin a wata miƙaƙƙiyar hanya, na ga ba ya ɗagawa. Na ce idona ne. Na sake dubawa. Kansa ya ɗan karkata wajen taga, kamar mai gyangyaɗi, amma yana zaune daram. Na so in kira sunansa, na kasa. Na so in tsaya, na kasa. Gani nake muddin taya tana juyawa to ba a tabbatar ba. Kuma wani tunani ya shige ni ya ƙi fita: birkin nan da na taka, ko shi ne ya ƙarasa shi?

A bakin dajin akwai shingen jami'an hanya. Wani dogo ya ɗaga mini hannu. Na tsaya. Ya zagaya motar yana murmushi, ya ƙwanƙwasa bodin da yatsa, sannan ya sunkuyo ta tagata.

"Kai, wannan tsohuwa tana nan da ranta! Dubi Baba, ya ɗaura bel ɗinsa tsaf. Kai direba ina naka?"

"Guda ɗaya muka samu, ranka ya daɗe."

"To ka yi koyi da Baba." Ya ɗaga murya. "Baba, sannu da hanya!"

Daga baya Inna Asabe ta ce, "Ba shi da lafiya ne, ɗana. Gida za mu kai shi."

"Ayya. Allah ya sawwaƙe. Ku wuce."

Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Sai na ji muryarta daf da kunnena.

"Ci gaba da tuƙinka, Surajo. Na sani. Tun a dajin na ji a hannuna." Ta ja numfashi. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Cewa ya yi a kai shi, to mu kai shi."

A nan ne kuka ya ƙwace mini. Ina tuƙi ina share ido da hannun riga, ita kuwa ba ta ɗauke hannunta daga kafaɗarsa ba.

Gidan Turai yana bayan masallacin unguwa, ƙofarsa ta langa-langa, an shanya barkono a gefe. Ban ko yi sallama ba, ƙarar injin ce ta fito da ita. Doguwar tsohuwa ce, kamarsu ɗaya da Baffa har tsinin hanci. Ta fito da rariya a hannu, da alama tankaɗe take yi. Tana ganin motar ta tsaya cak. Ta gane ta.

Na fito na durƙusa. "Gwaggo, ina wuni. Ni maƙwabcinsa ne daga Kiru. Ya ce a kawo shi wurinki." Na waiwayi motar. "Allah ya yi masa rasuwa a hanya."

Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ajiye rariyar a ƙasa, ta zagaya ta gaban motar a hankali, tana dafa bodin. Ta tsaya a tagarsa ta daɗe tana kallonsa.

"Bai bar magana ba?"

Da na iya ƙarya da na yi. Da na ce ya ce ki yafe masa, kuma na san ba zai wuce haka ba. Amma ba a bakinsa na ji ba.

"Ya fara, Gwaggo. Ni na katse shi. Tsoro nake ji."

Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ta buɗe ƙofar. Idonta ya sauka a kan bel ɗin, ya bi shi daga ƙirjinsa zuwa kafaɗa, har inda sabuwar walda ta ƙona fentin motar.

"Wannan fa?"

"Jiya aka gama sa shi," in ji Inna Asabe. "Ya ce ba zai zo miki babu shi ba, Yaya. Kwana biyu muna roƙonsa."

Turai ta kama bel ɗin da hannu biyu ta ja, kamar mai gwada igiyar guga. Ya cije. Ta sake ja.

"Ghali," ta ce, can ƙasa. "Kai dai ba ka taɓa zuwa a kan lokaci ba."

Ta lalubi inda ake kwancewa ba ta samu ba. Na matso zan taimaka, ta ture hannuna. Inna Asabe ce ta nuna mata jan maɓallin daga baya. Ta danna. Da bel ɗin ya sake shi, sai jikinsa ya sulalo gefe, wajen ƙofa, ta tare shi da ƙirjinta. Kansa ya kwanta a wuyanta.

Maƙwabta sun fara fitowa, wani ya tafi kiran liman, wani yana cewa a kawo tabarma. Ita dai tana tsaye a bakin ƙofar motar, ta rungume ƙaninta, tana bubbuga bayansa a hankali. Duk inda tafinta ya sauka sai ya bar shatar garin masara a kan rigarsa.