Tofin Malam Muttaka a Kan Zinariya

Tun kafin damina Khairiyya ke jiran ranarta a kan wata na'urar gwaji ta jami'a. Ɗalibai sun yi wa na'urar yawa, duk wanda ranarsa ta ɓaci sai bayan kaka. Aikinta a kan wani ɗan faifan zinariya ne da bai wuce maɓallin riga ba. Ana ba shi wutar lantarki, ƙwayoyin sinadari su manne a fuskarsa, sannan a haska masa wani haske da ido ba ya gani, irin ɗumin da ke tashi daga garwashi. Kowace ƙwaya da irin rawarta da irin hasken da take sha, ta nan ake gane ta. Amma fa sai faifan ya zama tas, shi ya sa ta yi kwanaki tana goge shi har ya koma madubi.

Ranar ce kuwa mahaifinta, Malam Muttaka, ya kawo masara daga Yankara, ya ce sai ya ga abin da ya hana 'yarsa leƙo gida. Ta nuna masa faifan. Mutumin da ko sabuwar garma ba ya sa ta gona sai ya yi mata addu'a! Kafin ta buɗe baki ya karanta, ya sunkuya, ya tofa.

To, wa zai goge tofin ubansa a gaban idonsa? Ta haɗiye kukanta, ta sa faifan a na'ura haka nan.

Layin da ya kamata ya kwanta a miƙe a allon kwamfuta sai ya fara tashi, tudu bayan tudu. Ita kanta sai da tsigar jikinta ta tashi. Ta daɗe tana kallon layuka, ba ta taɓa ganin na jikin wani mutum da ta sani ba.

"Wanga mi ne ne, ɗiyata?"

"Tofinka ne, Baba. Wannan tudun ruwan bakinka ne, wancan kuma abin da ke cikinsa. Rawa suke yi, hasken ke nuna mana."

"Yanzu haka motsi sukai? Ga shi ya bushe!"

"Ba sa tsayawa, Baba."

Malam Muttaka ya cire hularsa, ya mayar. "Subhanallah," ya ce a hankali, ya sake maimaitawa. Sai can ya dubi idanunta, ya ga sun yi ja.

"Halan na ɓata maki aiki."

"Sai bayan kaka, Baba."

Kunya ta rufe shi. Ta kai hannu za ta kashe na'urar, sai ta ga idonsa ya koma kan allon, bakinsa na motsi. Ta janye hannunta, ta jawo masa kujera.