Sifika don mai zama a ƙasa

Ni na fara gane cewa kunnen Gajera ya soma tafiya. Kafin 'ya'yanta, kafin jikokinta, kafin ita kanta ta yarda. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya, amma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin tirela, ya fito da ƙafarsa daga motar da ta kife a gangare, ya sake fitowa daga wadda ta kama wuta da lodin auduga, ba sai an koya masa lura ba. Ƙarar da inji zai yi gobe, ni tun yau nake jin ta.

Gajera matata ce. Tun tana amarya na laƙaba mata sunan, don ko ta yi ɗage ba ta kai kafaɗata. Ita kuma Direba take ce mini har yau, ko da yake na daɗe da ajiye makulli.

Muna zaune gida ɗaya da autanmu da matarsa da yaransu. Ran Asabar da yamma akan taru a falo a sa fim. Kowa ya nemi kujera, ban da ita. Ta ce kujera reto take sa ƙafafunta har su kumbura. A kan kafet take zama, ta jingina da gindin doguwar kujera, ta miƙe ƙafa. Da can ita ce mai sharhi: ta zagi mugu, ta gargaɗi yarinya, ta faɗi ƙarshen labari tun ba a kai rabi ba. Sai na ga sharhin ya ragu. Sai na ga in an yi dariya, sai ta dubi fuskokinmu tukuna sannan ta yi tata. Daga baya da an kunna sai ta ce tana da wanki, ko barci take ji, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Ni na san ba barci ba ne. Kunya ce, kuma in aka bar ta, a ɗakin nan za ta ƙare ita kaɗai muna falo muna shewa.

Na ja Auta gefe na gaya masa. Ya ce asibiti za a kai ta. Na ce bismilla, je ka gwada. Ya gwada, ta wanke shi tas. Ta ce kunnenta ya fi na ubansa, 'yan fim ɗin yanzu ne suke magana ta hanci. Ya dawo jiki a sanyaye ya ce to a gyara ta wajen talabijin, tunda sifikar cikinta ƙarama ce. A sayo irin dogayen nan masu tsayawa a ƙasa da kansu.

Muka tafi shagon kayan sauti. A bayan shagon akwai wani ɗaki mai labule masu kauri, kujera mai laushi guda ɗaya a tsakiya, sifiku kuma a jere jikin bango kamar sojoji a fareti. Mai shagon wani mai sanƙo ne, mai haƙuri, da waya rataye a wuya. Na bi su ɗaya-ɗaya ina ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yadda nake yi wa taya, wadda ta yi ƙarar fanko in wuce ta. Na rungumi mafi tsayi na ɗaga, na ji nauyi na gaske, ta kai mini ƙirji. Ya zaunar da mu a kujerar ya sa fim ɗin yaƙi. Jirgi mai saukar ungulu ya taso, kujera ta ɗauki rawa, na ji shi har cikin haƙorina. Na ce ai wannan ko dutse ne ya ji. Ba zan ɗora wa Auta laifi ba, ni na nuna ta da hannuna.

Aka kawo guda biyu gida aka manna su da bango, ɗaya dama ɗaya hagu. Asabar ta zo, jikoki suka lallaɓo kakarsu ta fito. Aka kunna. Gilashin taga ya yi ta karkarwa, kofuna suna haɗuwa da juna a kan tebur. Na saci kallonta, na ga ta ƙura wa bakin 'yan wasan ido tana ƙoƙarin karanta leɓe. Auta ya ƙara ƙarfi, abin ya daɗa lalacewa. Ba a jima ba ta dafa kujera ta tashi, ta ce gurnanin nan dukan ƙirjinta yake yi. Auta ya zauna riƙe da rimot kamar wanda aka yi wa rasuwa. Yaron nan don uwarsa ya yi, kuma ga abin da ya samu.

Washegari gida ba kowa sai ni da ita, tana kicin. A aikinmu, in mota ta yi ƙara ba daga kan kujerar direba ake gardama ba, sauka ake yi a kwanta a ƙarƙashinta. Na kunna fim ɗin jiya, na sauka na zauna daidai inda take zama, na jingina, na ranƙwafa har kaina ya zo daidai nata. Maganar ta dushe kamar an lulluɓe mai yin ta da bargo, sai rugugi kawai yana bin ƙasa yana shiga ƙashin bayana. Na hau kujera, murya ta fito tar. Na sauka, ta ɓace. Na yi ta hawa da sauka har gwiwata ta fara ƙorafi. Ashe mu a kan kujera muka zaɓa, mai abin kuwa a ƙasa take.

Na koma wajen mai sanƙo na kwashe labari na ba shi. Ya dafe kai. Ya nuna mini ɗan ƙaramin ido a can saman sifikar, ya ce ta nan siririyar murya ke fitowa, kuma a miƙe take tafiya, saitin kunnen wanda ke kan kujera. Manyan na ƙasa su ne masu gurnani, jingina su da bango kuma ƙara musu baki yake yi. Ya ce tunda kwalayen suna nan lafiya zai canza mana. Amma fa kunnen da zai saurara shi zai zo ya zaɓa, ba nawa ba, ba na Auta ba.

Nan fa gizo ke saƙar, don matar da ta ƙi asibiti ba za ta bi ni shago a gwada kunnenta a gaban mutane ba. Na yi ta juya abin a raina har na iso gida. Na same ta tana goge tukunya.

"Gajera, zan gaya miki wani abu, amma kada yara su ji," na ce. "Kunnena ya fara mutuwa. Fim ɗin nan ba na jin abin da suke faɗa, kai kawai nake gyaɗawa. Ki zo ki taya ni zaɓar wata, ke da naki yake garau."

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa cewa na kasa ba, ko ranar da tirela ta kife da ni. Maganar ta yi mini ɗaci a baki. Ta ajiye tukunyar, ta daɗe tana kallona tana goge hannu da gefen zane.

"Kai, Direba?" ta ce. "To Allah ya sawwaƙe. Tsufa ne, ba abin kunya ba ne. Miƙo mini mayafina."

A shagon ko kallon kujerar ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, na zauna kusa da ita. Masu sayayya suna leƙowa ta labule. Mai sanƙo ya tuɓe takalmi ya zauna tare da mu, ya sa wani fim da mata biyu ke hira a kicin, ba harbi ba jirgi. Ya haɗa sifikun farko. Ta saurara, ta girgiza kai.

"Da wannan Direba ba zai ji ba."

Ya canza waya zuwa na biyu. Ta ce wannan ma ba zan ji ba, gurnani ya cinye maganar. Na uku ta ce muryar kamar ta cikin gwangwani, za ta sa mini ciwon kai. Ni dai ina zaune ina cewa haka ne. Mai sanƙo bai ko murmusa ba, Allah ya yi masa albarka. Can ya jawo wasu sirara daga lungu, tsayinsu bai wuce ƙuguna ba, waɗanda ran farko ko ƙwanƙwasa su ban yi ba. Ya janye su daga bango, ya ninke kwali ya cusa a ƙarƙashinsu ta baya har suka ɗan sunkuyo suna kallonta, ya rage gurnanin. Ta kasa kunne. Fim ya yi ta tafiya har na fara cire rai. Sai ta nuna allon da yatsa.

"Ƙarya take yi. Ita ta ɗauki zoben, ji yadda muryarta ke rawa."

Su muka ɗauko. Na yanka katako biyu da hannuna na maye gurbin kwalin, na bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsu da bango, na ce duk jikan da ya matsar da su zai gamu da ni.

Sirrin da na ce kada yara su ji kuwa, kafin mako ya zagayo har mai gyaran famfo ya sani. Yanzu maƙwabta da ihu suke gaishe ni, ni kuma in amsa da ihu don kada in ɓata mata. Shekaranjiya ta kira Auta ta ce ya nema mana ganin likitan kunne, mu biyu, wai za ta raka ni a duba ta ita ma don kada in ji kunya ni kaɗai. Auta ya dube ni, na dubi silin.

Wanda yake ganin cika bakin tsoho ne, ƙofata a buɗe take ran Asabar. Ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa kusa da ita, in kalma ɗaya ta kuɓuce masa ya saɓa sifikun ya tafi da su. Wanda kuma ya yarda da gaske na kurumce, ya tsaya a bayana ya zage ni a cikin raɗa, ya ga abin da zai biyo baya.