Ƙeyar da Ba ta Dogara Ba

Tun da aka nuna wa Dogara hoton tallar fim ɗin a waya, zama ya gagare shi. Ya hau benen kasuwar Baima da ke Guangzhou ya sauko, ya sake hawa, bai tsaya a shagon kowa ba. Wani Alhaji da ya zo daga Kano sarin dogayen riguna yana biye da shi yana tambayar farashi, shi kuwa sai ya amsa da "to, to" alhali bai ji abin da aka ce ba.

Dogara ɗan Fagge ne, ya daɗe a Guangzhou yana yi wa 'yan kasuwarmu jagora: ya kai su wajen masu kaya, ya yi musu ciniki, ya tsaya a loda kwantena. Dogo ne, baƙi, mai kwarjini, kuma wannan tsayin ne ya jawo masa. Shekarun baya wani siririn ɗan Chana mai suna Fang ya tare shi a bakin kasuwa, ya ce shi darakta ne, yana neman baƙon fuska da zai fito a matsayin attajiri daga ƙasar waje. Aikin wuni guda ne. Dogara ya sa kwat, ya zauna a bayan tebur, ya ɗaga waya, daga nan aka kwantar da shi a ƙasa aka zuba masa jan ruwa a ƙirji. An kashe shi tun fim bai yi nisa ba. Sai da fim ɗin ya fito a intanet ya gane irinsa ne: labarin wata mace da ke jan masu kuɗi da kwarkwasa, kowanne ta shiga ɗaki da shi sai a wayi gari da gawarsa. Ya kalla yana tsallake wuraren da ba su dace ba, kuma a ransa ya yarda labarin ya tsaru, don har ƙarshe bai gano makashin ba. Bai faɗa wa kowa a gida ba.

Da Fang ya dawo da zancen kashi na biyu, Dogara ya tuna masa cewa ai ya mutu. Fang ya yi dariya ya ce wanda ya mutu tagwaye ne, yanzu ɗan'uwan ne zai zo ɗaukar fansa. Dogara ya kafa sharaɗi: ba zai taɓa mace ba, ba zai tuɓe riga ba. Fang ya yarda nan take. Da ya nemi ganin labarin a rubuce, sai Fang ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo," wato babu. A wani ƙaramin otal a unguwar Sanyuanli aka ɗauka, ɗaki guda, a canja labule a ce ofis ne, a jawo gado a ce gidan matar ne. An sa shi ya buɗe ƙofa ya shiga, ya cire agogo ya ajiye a kan tebur, ya kashe fitila. Shi ke nan aka ce ya gama.

Yanzu ga fuskarsa a hoton talla, ga matar jingine a kafaɗarsa da rigar da ba ta kai a kira ta riga ba, alhali bai taɓa tsayawa kusa da ita haka ba.

Bayan azahar ya damƙa Alhajin a hannun wani abokin sana'a, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Tianhe. Can ne Abdoulaziz yake karatu, wani ɗan Maraɗi mai jin yaren Chana kamar ruwa, kuma mayen kallon fim. Suka haɗu a gidan taliyar Musulmin Chana da ke bayan makarantarsu, suka zauna a lungu, suka jingina waya da tulun shayi.

"Yaya Dogara, ka kwantar da hankalinka," in ji Abdoulaziz. "Irin waɗannan na sha kallonsu. Kashi na farko akwai labari, sai a ɗan yayyafa fitsara. Kashi na biyu fitsarar ce da yawa, labarin ake yayyafawa. Amma suna da abin yabo, ba sa ɓata maka lokaci. Kafin shayinka ya huce an kashe mutum biyu."

"Ni ba sharhi na zo ji ba. Fassara mini abin da na ce."

"Ka ce za ka ƙone garin nan saboda jinin ɗan'uwanka."

"Wallahi lissafin yadi nake yi da Hausa. Cewa Fang ya yi in yi ta magana kawai, daga baya suka ɗora wata murya."

Abdoulaziz ya danne dariya. Yana ta nuna masa kurakurai: ɗan sandan da ya zo bincike shi ne mai gadin otal ɗin ɗazu, an canja masa hula; matar ta fita da jar jaka ta iso da baƙa; ana kukan mutuwa ana jiyo mai tallar lemo ta taga. Ya ce duk da haka yarinyar ta iya wasa, ka dubi idonta ba ka sanin tausayinta za ka ji ko tsoronta, kuma da an ba ta fim na kirki da ta yi suna. Dogara dai taliyarsa ta sandare a kwano.

Sai wurin ya zo. Ya ga kansa ya buɗe ƙofa, ya cire agogo, ya kashe fitila. Hoto ya koma ja-ja, aka nuno gado, aka nuno bayan wani baƙin mutum ba riga. Dogara ya kife wayar a kan tebur.

Abdoulaziz ya ɗauka, ya tsayar da hoton, ya rufe rabin fuskar wayar da tafin hannu. "Duba nan kawai. Wannan ƙato ne, ƙeyarsa har ninki take. Ga zane a kafaɗarsa. Ga agogon da ka cire ɗazu, yana hannunsa. Wani suka ɗauko, kuma ko ƙoƙarin neman mai kama da kai ba su yi ba. Rashin kuɗinsu ya cece ka."

"Wa zai tsaya duba ƙeya?" Dogara ya ce. "A Kantin Kwari ɗan guntu za a yanko a tura a waya. Fuskata, sai gado. Ina da 'ya'ya mata, Abdoulaziz."

Washegari ya tafi ofishin Fang. Ya tarar an cire allon, masu sayar da rigar waya sun tare a ciki. Ya kira shi, bai ɗauka ba, ya sake kira yana zagaye a bakin titi, har aka ɗauka. Fang murna yake yi, wai mutane na kallo sosai. Dogara ya haɗa guntun Turancinsa da guntun yarensu ya ce a cire wurin nan. Fang ya ce fim ya bar hannunsa, an sayar, kuma in aka cire wurin me ya rage a kalla? Sannan ya ce shi bai karya alkawari ba, Dogara bai taɓa kowa ba. Ya ƙara da cewa ana shirin kashi na uku, ko zai fito a matsayin babban yayan tagwayen? Dogara ya katse wayar.

Kwanaki ya yi yana ɗaukar waya yana ajiyewa. Duk saƙon da ya shigo daga Kano sai ya yi ta jinkiri kafin ya buɗe. Ya kai wani mai sarin takalma shagon mayafai. A masallaci ranar Juma'a wani ya daɗe yana kallonsa, ya fita ko gaisawa da mutane bai tsaya yi ba. A ƙarshe ya ga gara matarsa Ramlatu ta ji daga bakinsa. Ya kira ta da hantsin Kano, lokacin yara suna makaranta, ya faɗa mata komai tun daga kwat ɗin farko.

Ta ce, "Turo mini."

"Ramlatu, ba abin kallo ba ne."

"Baban Hawa, turo mini."

Ya tura, ya zauna a matakalar Baima, 'yan dako na ratsa shi da buhunan kaya. Da ta kira, muryarta a kwance take.

"Wannan ba kai ba ne, ko a duhu na san bayan mijina. Fim ɗin ma shirme ne, tun a tsakiya na gane ƙanwar matar ce ke kisan. Abin da nake so in sani, na farkon, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce kunya. Ta ce to, za ta ɗora girki, ta kashe waya.

Ta yi makonni tana amsa gaisuwarsa a taƙaice. Ana cikin haka masu fassara fina-finai a Kano suka samo fim ɗin. Da yake ba za su iya sayar da shi yadda yake ba, suka datse duk wuraren gado, abin da ya rage bai kai rabi ba, suka ɗora wa Dogara wata murya mai kauri suka raɗa masa suna Oga Kwantena. Ƙaninsa ne ya turo masa yana dariya, wai yaran unguwa suna kwaikwayon yadda yake cire agogo. Ramlatu ta bar su Hawa suka kalli wannan, amma ita ba ta zauna ba.

'Yan kasuwa suka fara sauka a Guangzhou suna tambayar Oga Kwantena, aiki ya ƙaru masa. Yana karɓarsu da fara'a, ya kai su Sanyuanli su sauke jaka, amma duk wanda ya ce ya ga fim ɗinsa sai Dogara ya tsura masa ido ya tambaye shi, da Hausa ya gani ko da yaren Chana. Yawanci Hausa suke cewa. Wani matashi ɗan Kwari ya yi murmushi bai amsa ba, Dogara ya haɗa shi da wani jagoran, ya ce shi ayyuka sun yi masa yawa a makon.